Mai kallo na son cakwakiya, kasuwa na son dogon zango

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon masu tura fim a waya, a Kano, ko a kasuwar waya ta Farm Centre ko a bakin wani lungu a Kurna ko Ɗorayi, ya san yadda cinikin yake. Saurayi zai miƙo waya ko memori, sau da yawa ko sunan fim ba ya kamawa. Abin da zai ce shi ne, "Akwai sabuwar fassara? Sa min mai cakwakiya." Mai shago ya san abin da ake nufi. Fim ake so wanda an kashe wani ba a san wanda ya kashe shi ba, ko an sace yarinya saura kwana uku wa'adi ya cika, ko jarumin da aka bi tun farko ashe shi ne bos ɗin. Yawanci na Indiya ne da aka juye bakin 'yan wasansa zuwa Hausa, irin aikin da Algaita da takwarorinta suka yi suna a kai, wani lokaci kuma na Koriya ko Turkiyya. Da wuya ka ji ya ce a sa masa na Hausa mai cakwakiya, kuma in ya ce, mai shagon sai ya ɗan yi tunani kafin ya samo.

Wannan ɗan tunanin na mai shago shi ya dame ni. Birnin da ya shekara talatin da ɗoriya yana fitar da fim, tun daga Turmin Danya a 1990, birnin da masana'antarsa ta samu sunanta Kannywood a 1999 kafin ma a raɗa wa ta Legas nata, me ya hana shi ƙwarewa a irin fim ɗin da matasansa ke biyan kuɗi su kalla kullum da bakin wasu? Amsar da aka saba bayarwa ita ce ba mu da kayan aiki, ko ba mu da makaranta, ko Hukumar Tace Fina-finai ta hana. Duka ukun akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ni a ganina hanyar da fim ke bi ya isa ga mai kallo ita ta fi kowanne ƙarfi, domin ita ke yanke wa marubuci da darakta irin abin da za su koya tun kafin su san suna koyo.

Mu fara da sunan abin. Hausa ba ta tsayar da kalma ɗaya ba ga wannan nau'in fim. Akwai fim ɗin faɗa, akwai fim ɗin ban tsoro na aljanu da fatalwa, akwai fim ɗin bincike na ɗan sanda. Wanda nake magana a kai yana iya aron wani abu daga kowannensu, amma jigonsa zullumi ne: mai kallo ya zauna zuciyarsa na ɗar-ɗar, ya san wani abu na tafe, ya ƙagu ya gani kuma yana tsoron gani. Cakwakiya ta kama rabin ma'anar, wato sarƙewar labari. Zullumi ya kama ɗaya rabin. Zan riƙa amfani da duka biyun.

Zullumi kuwa abu ne mai saurin lalacewa, kamar nonon da aka bari a rana. Yana buƙatar mai kallo ya zauna wuri ɗaya, kada a katse shi, ya ji ƙaramin motsi, ya ga ƙiftawar ido. Wato yana buƙatar ɗakin silima, kuma tarihin Kano da ɗakin silima ba mai daɗi ba ne. An buɗe Rex a 1937, a wajen ganuwa, kuma tun daga lokacin mutanen cikin birni suka ɗauki silima wurin 'yan iska. A ranar 13 ga Mayun 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya ta kashe mutum 331, jama'a da yawa suka fassara abin a matsayin hukuncin Allah. Da aka buɗe Palace a cikin birni a 1952 sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce. Duk da haka gidajen sun yi zamaninsu: Plaza, Orion, Wapa, Eldorado, Marhaba. A nan iyayenmu maza suka koyi kallon Indiya da Canis da kaboyi, galibi a fili ba rufi, ana ihu ana tafi idan jarumi ya iso. Matan aure ba sa zuwa, macen da ta je kuwa an riga an ba ta suna. To fim ɗin Hausa da ya zo a kaset bai taso a waɗannan gidajen ba. A tsakar gida ya taso, a gaban talbijin da bidiyo, inda uwargida da amarya da yara da maƙwabta ke zaune, wata na tsince shinkafa, wani na shigowa wani na fita.

Kasuwar kaset ɗin ma tana da nata tsari, wanda duk mai son fahimtar fim ɗin Hausa ya kamata ya sani. A kasuwannin kaset na Ƙofar Wambai da Bata, furodusa ba kaset yake sayar wa dila ba. Kwali yake bugawa ya sayar, ya ba da uwar kaset, dila ya sayi kaset marar komai ya kwafa da kansa ya zura a kwalin. Ribar furodusa tana kan yawan kwalin da aka ɗauka, kwali kuma da abu biyu yake sayuwa: fuskar da ke kai, da waƙar da mutane suka riga suka gani a tallan da aka liƙa a farkon wani fim. Bayan abin da fina-finan Sangaya da Wasila suka yi a kasuwa a wajajen 2000, babu dilan da ke buƙatar a yi masa bayani. Yakan tambayi waƙa nawa ce a ciki kuma wa ya hau, kafin ya tambayi labarin, in ma ya tambaya. Fim mai waƙa ana maimaita kallonsa har kaset ya tsinke. Fim ɗin cakwakiya sau ɗaya ake cinsa, kuma da zarar yaron maƙwabta ya ce ai kawun ne ya kashe shi, an gama da kai. Ɗan kasuwar da ya guje shi bai yi wauta ba.

Don haka tsara guda ta ma'aikatan fim suka ƙware a abin da kasuwa ta biya su su ƙware a kai. Mun samu masu ɗaukar waƙa da suka san yadda ake yanka hoto a kan kiɗa, da 'yan wasan da za su riƙe fitowa ta minti biyar da baki kawai, ba rubutu a hannunsu, darakta ya ce musu ga abin da ake so su kuma su zuba. Wannan baiwa ce ta gaske, gadon wasan daɓe da wasan kwaikwayon rediyo da talbijin. Sai dai ita ce kishiyar zullumi. Ɗan wasan da aka sake shi ya yi magana zai faɗi duk abin da ke ransa, fim ɗin cakwakiya kuma a kan abin da ba a faɗa ba yake tsayuwa.

Da CD ya mutu a hannun masu satar fasaha da masu turawa a waya, an yi zaton silima za ta ceci masana'antar. An buɗe Ado Bayero Mall a titin Gidan Zoo a 2014, aka samu silimar zamani a ciki, mai sanyi da kujeru masu laushi, inda saurayi zai kai budurwa ko magidanci ya kai iyalinsa ba a yi masa kallon banza ba. Manyan furodusoshi suka fara kai fim can lokacin bukukuwan sallah. Lissafin ne bai cika fita ba. Gidan silima na ɗaukar kaso mai tsoka na kuɗin tikiti, sau da yawa wajen rabi, fim ɗin Hausa na gogayya da na Amurka da na Legas da na Indiya a kan lokutan nunawa, sannan allunan da ke Arewa gaba ɗaya ba su taka kara sun karya ba. Fim ɗin Legas zai buɗe a gidaje da dama a rana ɗaya, namu kuwa ɗaki ɗaya ko biyu yake zagayawa. Korona ta zo a 2020 ta rufe gidajen na watanni, kuma a daidai wannan shekarar masana'antar ta juya akalarta gaba ɗaya.

Inda ta juya shi ne dogon zango. Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta riga ta saba wa mutane da jiran shiri mako-mako ta hanyar Daɗin Kowa, sai Kwana Casa'in a 2019. A 2020 Izzar So da Labarina suka nuna cewa YouTube ma kasuwa ce, kowa kuma ya bi. An gwada manhajar biyan kuɗi irin Northflix tun 2019, amma mutumin da ya saba a tura masa fim goma da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, sai an sha wuya kafin ya sa katin banki. YouTube kyauta ce gare shi in ban da data, furodusa kuma daga talla yake ci. A nan ne ya kamata mai nazari ya tsaya ya duba da kyau, domin tallan ne sabon dilan Ƙofar Wambai.

Me wannan dilan yake so? Yana son tsawo, saboda bidiyon da ya kai minti 8 ne ake iya tsarma masa talla a tsakiya, kuma yawan mintocin da aka kalla shi ke sa manhajar ta ƙara tura shirin ga wasu. Yana son a fito kowane mako ba fashi. Ba ya son jini da tashin hankali, domin bidiyon da aka ga ya yi yawa a wannan fannin ana rage masa talla. Sannan abin da yake biya a kan mai kallo daga Najeriya ko Nijar bai kai abin da yake biya a kan na Ingila ko Amurka ba, saboda haka sai an tara kallo mai yawan gaske kafin a mayar da kuɗin aiki. Haɗa waɗannan ka ga irin shirin da zai fito: awa guda kowane mako, mutum biyu ko uku a falo, magana mai yawa, labarin da za a iya ja zango biyar in ya karɓu. Mace za ta jingina waya a jikin tukunya tana girki tana saurare, in ta ɗaga kai bayan minti uku ba abin da ya wuce ta. Ba raini nake yi ba, wannan kallo ne na halak kuma shi ke ciyar da ɗaruruwan ma'aikata. Amma zullumi ba ya jure ja. Sirrin da za a iya riƙewa minti casa'in, in aka ce a riƙe shi wata takwas sai an mayar da duk mutanen cikin labarin wawaye, kowa ya zo bakin gano gaskiya sai waya ta yi ƙara.

Abin da ya rage mana na cakwakiya a dogon zango shi ne minti biyun ƙarshe. Ƙofa ta buɗe, jaruma ta zaro ido, kiɗa ya buga, mu haɗu mako mai zuwa. Tsohuwar dabarar "mu haɗu a kashi na biyu" ce ta zamanin kaset ta sake riga. Tana aiki, amma ƙugiya ce kawai, kuma mai kallo ya gane ta. Shi ya sa za ka ga wasu na tsallakawa zuwa ƙarshen shiri su ga inda aka tsaya, sannan su koma wa fassararsu.

Sai batun hukuma. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a, kuma tun daga nan dangantakarta da 'yan fim take tsami tana daɗi. Abin da ya shafi maganarmu kai tsaye ya faru a Satumbar 2021, lokacin da hukumar, a ƙarƙashin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta haramta fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, bisa hujjar cewa matasa na kwaikwaya. Waɗannan ukun kuwa su ne ainihin abin da ke hana Bakano barci. Mutumin da ke ɓoye wayarsa in ya shiga adaidaita sahu bayan magariba, wanda ke kunna rediyo da dare ya ji rahoton wanda aka kama da wanda aka tsinta, an ce kada a nuna masa tsoronsa a fim ɗin garinsu, alhali yana kallon irinsa daga Hyderabad ta Indiya da Hausar Fagge a bakin ɓarayin. Ina ganin dokar ta yi faɗi da yawa. Amma in za a yi adalci, yawancin fina-finan da suka jawo ta ba zullumi suke ginawa ba, burgewar ɗan daba suke sayarwa: taƙama, kirari, wuƙa a hannu. Fim ɗin da ya san aikinsa zai iya sa ka ji tsoron ƙwacen waya ba tare da ya nuna maka ko tsinin wuƙa ba, da takun sawu biyu a bayan mutum a lungu da yadda ya fara sauri.

Wannan ya kawo mu ga koyo, inda na fi son in daɗe. Mai son koyon fim a Kano yana da hanyoyi kaɗan. Akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya wadda Ali Nuhu ke shugabanta tun Janairun 2024. Akwai sashen wasan kwaikwayo da tsangayar sadarwa a Jami'ar Bayero. Akwai bitoci na 'yan kwanaki da ƙungiyoyi kan shirya. Dandalin fim na naira biliyan 3 da gwamnatin tarayya ta so ginawa a Kofa a 2016, wanda aka ce har da wurin horarwa a ciki, an soke shi bayan malamai sun yi ca a kai. Amma mafi yawan waɗanda ke riƙe da kyamara a yau a lokeshin suka koya, irin koyon ɗan kanikanci: ka fara da ɗaukar jaka da naɗe waya, ka koma riƙe fitila, wata rana maigida ya makara a ce kai ka ɗauka. Sabbin kuma sun ƙara da YouTube, inda suke kallon Bature na bayanin kyamara.

Illar wannan koyon na ƙarshe ita ce ya mayar da hankalin yara kan kaya. Za ka zauna da matashi ya lissafa maka sunayen kyamarori da gilasansu, ya gaya maka wadda ke narkar da bayan mutum, ya nuna maka hoton da ya ɗauka da jirgi marar matuƙi a saman gadar Ƙofar Nassarawa. Hoton fim ɗin Hausa ya yi kyau ƙwarai a shekarun nan, wannan ba musu. Tambaye shi kuma, a wannan fitowar me mai kallo ya sani wanda jarumar ba ta sani ba, sai ya yi shiru. Alhali nan ne gaba ɗaya sana'ar take. Alfred Hitchcock, daraktan fim ɗan Ingila, ya shahara da bambance mamaki da zullumi ta misalin bam a ƙarƙashin tebur, amma ba sai mun je Ingila ba. A ce ana hira a tsakar gida, yaro ya sha fura ya faɗi. Mai kallo ya firgita na daƙiƙa biyar, shi ke nan. Yanzu a ce tun farko an nuna mana hannun da ya barbaɗa wani abu a ƙwaryar, an nuna mana wa aka dama wa, sai ga ɗan matar da ta barbaɗa ya shigo da gudu daga makarantar allo yana cewa yunwa yake ji, ita kuma tana banɗaki. Hirar banza da sauran matan ke yi a kan kuɗin adashi ta zama abin da ba a iya jurewa. Kyamara ɗaya ce, tsakar gida ɗaya, ko sisi ba a ƙara ba. Abin da ya canza shi ne lokacin da aka ba mai kallo labari.

Kakanninmu mata sun san wannan sarai. Mai tatsuniya takan gaya wa yara tun farko cewa saurayin nan kyakkyawa da ya zo neman aure dodo ne ya ari kayan jikin mutane, sannan ta bar yarinyar ta bi shi daji, yana mayar da aron ɗaya bayan ɗaya. Yara sun san ƙarshen tafiyar, shi ya sa suke maƙalewa a jikin juna. Marubucin fim ɗin yau ya juya abin: yana ɓoye komai har ƙarshe don ya ba da mamaki, sannan ya kawo wani ya zauna ya yi jawabin minti goma yana warware yadda aka yi. Fassarar Indiya ce ta koya mana wannan, kuma mun ɗauki mafi raunin abin da ke cikinta.

Akwai kuma abin da darasin Bature ba zai gaya wa ɗalibin Kano ba, domin shi Baturen don babban allo yake koyarwa. An ce fim ɗin zullumi duhu yake so, sai yaro ya kashe fitilu ya ɗauki fitowa mai kyau a kwamfutar edita. Mai kallonsa kuwa a waya zai gani, allon ya tsage a gefe, ya rage ingancin hoton zuwa mafi ƙanƙanta don tattalin data, yana zaune a shago da rana tsaka. Duhun nan duk sai ya dunƙule ya zama baƙin tabo, ba fuska ba ido. Wanda zai tsorata mai kallon waya dole ya koyi kusanto da fuska, ya koyi raba mutum da bayansa da ɗan haske, ya rage faɗin hoto. Sama da duka ya koyi sauti, domin kunne ne ƙofar da ta rage a buɗe: da yawa da abin sauraro a kunne suke kallo. Sauti kuwa shi ne marayan lokeshin ɗinmu. Janareta na ruri a bayan gida, adaidaita na hon, mai riƙe makirfo shi ne yaron da aka fi rainawa, sannan a wurin tacewa a shimfiɗa kiɗan fiyano daga farkon shiri har ƙarshe don a rufe ɓarnar. Fim ɗin da kiɗa bai taɓa tsayawa a cikinsa ba, ba shi da shiru, kuma in ba shiru ƙarar sakata ba za ta tsinka zuciyar kowa ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke aron kayan tsoron wasu alhali namu na zube. Jami'in bincike mai baƙin gilashi da allon hotuna a bango ba ɗan Kano ba ne, kuma mai kallo ya san ba haka ofishin 'yan sandan unguwarsu yake ba, shi ya sa yake dariya a inda aka so ya natsu. Tseren mota da harbe-harbe kuwa ko mun yi ba za mu kamo masu kashe biliyoyi ba. Amma dubi gidan Bahaushe na cikin birni. Zaure, soro, sannan tsakar gida, kowane da iyakar wanda zai wuce shi. Namiji baƙo ya tsaya a waje ya yi sallama, bai san abin da ke faruwa taku goma daga inda yake ba. Matar da ke ciki tana jin muryarsa ba ta da ikon fitowa. Labule kaɗai ya isa fim. Waye ke shiga ko'ina ba a tambaye shi? Dillaliya, da almajirin gida, da yarinya mai talla, da ɗan aike. Waɗannan su ne masu binciken da garin nan ya tanada, kuma dillaliyar da ta ga sarƙar wata marigayiya a hannun wadda bai kamata ba ta fi kowane sufeto abin kallo.

Haka wa'adi. Masu wannan sana'a ko'ina suna neman agogon da zai matsa wa labari, su kan ƙirƙiro bam mai ƙidaya. Mu rayuwarmu cike take da agogo. Ranar ɗaurin aure da aka riga aka raba goro. Saki biyu da ya rage saura ɗaya. Idda. Ranar rabon gado. Kayan da aka karɓa bashi a Kantin Kwari za a biya bayan sallah. Ɗauki takaba kawai: wata huɗu da kwana goma, mace na zaune a gidan mijinta da ya rasu, ba ta fita sai da larura, kuma a kwana na bakwai ta fara zargin cewa mutuwar ba ta Allah da Annabi ba ce, wanda take zargi kuma shi ne ƙanin mijin da ke kawo cefane kullum yana gaishe ta da ladabi, "Yaya, ya ƙarin haƙuri?" Ba ta da hujja, kunya da kawaici sun hana ta buɗe baki, in ta yi magana a ce baƙin ciki ne ya taɓa ta ko gado take hari. Gida ɗaya, 'yan wasa biyar, babu abin da hukuma za ta yanke. Sunan Kwana Casa'in kansa wa'adi ne, kuma ina jin yana cikin abin da ya riƙe mutane a zangonsa na farko.

Kunya da kawaicin nan da ake cewa sun takura fim ɗin Hausa, a wannan nau'in jari ne. Al'ummar da ba a faɗin magana kai tsaye, inda ake zagi da habaici a yi barazana da gaisuwa, inda "Allah ya bar zumunci" ke iya zama gargaɗi, ta riga ta horar da mai kallonta ya saurari abin da ke ƙarƙashin magana. Matan da ke kallon dogon zango sun fi kowa iya wannan karatun, kuma kuskure ne a ɗauka cakwakiya ta samari ce kawai. Duba sharhin da ake yi a ƙarƙashin kowane shiri a YouTube, ko muhawarar da ake tafkawa a Facebook bayan an saki sabon kashi: hasashe ne ake yi, wa ya aiko da wasiƙar, cikin na waye, me ya sa ta kalle shi haka. Mutane ne da ke neman a ba su wasan ƙwaƙwalwa, suna ƙirƙirar shi da kansu daga labarin da bai tanadar musu ba.

Saura tambayar kuɗi, wadda ba ni da cikakkiyar amsarta kuma ban yarda da mai cewa yana da ita ba. Abin da nake gani zai iya aiki shi ne gajeren zango mai ƙarshe: kashi shida ko takwas, an rubuta shi duka kafin a kunna kyamara, marubuci ya san wanda ya yi kisan tun a shafin farko. Wannan ya saɓa wa yadda ake aiki yanzu, inda sau da yawa ana ɗauka ana rubutawa, ana kuma duba sharhin masu kallo a ƙara wa wanda suka so fitowa. Ya fi tsada a kowane minti, kuma ranar da ya ƙare tallan ya ragu, alhali mai zango goma na ci gaba da karɓa. Abin da zai rama shi ne a fara nuna kashi biyun farko a silima ko a ɗakin taro da tikiti, a sayar wa tashar talbijin, sannan ya sauka YouTube, kowane mataki ya ɗan rage nauyi. Gidajen kallon ƙwallo da ke kowace unguwa ma suna nan da allo da benci da janareta, kuma ba kullum ake wasa ba. Ba a taɓa ɗaukarsu da muhimmanci a matsayin hanyar rarraba fim ba, saboda ba wanda ya san yadda zai karɓi kuɗinsa daga gida ɗari biyu ba tare da fim ɗin ya tsere zuwa memorin mai shagon Farm Centre kafin la'asar ba, kuma mata ba sa shiga.

Kwanakin baya na zauna da wani yaro da ke koyon tace hoto a wani ɗan ofis a titin Gidan Zoo, yana haɗa gajeren fim na minti bakwai da suka ɗauka da abokansa. Mutum ne ya dawo gida da dare ya tarar da takalmin da bai sani ba a bakin zaure. Yaron ya sa kiɗa mai ban tsoro tun daga lokacin da mutumin ya sauka daga babur. Na ce ya cire mu gani. Ya cire ba da son ransa ba, muka sake kallo: ƙarar babur na nisa, kukan kare, rediyon maƙwabta, sai mutumin ya tsaya, ya sunkuya. Wani mai sayar da katin waya da ya leƙo karɓar canji ya tsaya a bakin ƙofa da kuɗin a hannu, bai tafi ba sai da mutumin ya ɗaga labulen.